ZAUREN 'YAN MATA: Jaki Can Ba Ya Rakiyar Amarya

Saƙonninku a kan maganar lefe da muka tattauna a fitowar da ta wuce duk sun iso, daga Kano da Katsina da Zariya, har da na 'yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi, Allah Ya bar zumunci. Waɗanda suka yi mini faɗa ma na gode, don na san ba su yi faɗan ba sai da suka karanta.

A cikin saƙonnin akwai na wata ƙanwata 'yar aji huɗu daga Daura, wadda ta ajiye maganar lefe ta kamo wata daban. Cewa ta yi, "Anti, ni fa kin ɓata mini rai. A littafinki na biyu saurayin nan in ya shiga mota sai ƙura ta tashi, ya juya kan mota da hannu ɗaya yana yi wa budurwarsa murmushi, mu kuwa abin yana burge mu. Amma a sabon littafin kin kawo mana wani mai tuƙi kamar zai kai ƙwai kasuwa, har da wani ɗaura bel. Me ya faru?"

Ƙanwata, da na karanta na yi dariya, daga baya kuma dariyar ta tsaya mini a maƙoshi. Tambayarki tana da amsa, kuma amsar ita ce zancenmu na yau. Na daɗe ina gudun rubuta shi saboda akwai laifina a ciki, amma tun da ga kaka ta yi, bukukuwa sun kankama, gara in faɗa ko wata za ta tsira.

Shekara biyu ke nan, daidai irin wannan lokaci bayan an gama girbi, aka yi bikin wata aminiyata a nan garinmu Zango. An yi kamu, an sa lalle, an ɗaura aure da hantsi, bayan isha'i kuma aka zo ɗaukar amarya zuwa Daura inda ango ya kama gida. Duk wadda ta san hanyar ta san ba wata tafiya ce mai nisa ba, ko a hankali aka tafi kafin a gama hira ɗaya an isa.

A cikin abokan ango akwai wani saurayi da abokansa suke yi wa laƙabi da Jaki Can, yana da wata jar Golf da ba ya barin ƙura ta kwana a kanta. Tun a ƙofar gida ya fara nuna hali. Ya taho a guje, ya ja birkin hannu, motar ta juya ta watsa wa jama'a ƙasa, yara suka ɗauki ihu, mu 'yan mata muka ɗauki shewa. Wani dattijo maƙwabcinmu da ke zaune a kan dakali ya ce, "Kai yaro, ka ji tsoron Allah." Babu wanda ya ko dube shi, har wata a cikinmu ta ce tsofaffi ba su san zamani ba, muka yi dariya.

Ina tare da 'yar goggona, yarinya mai shekara 16, tana aji biyar, ga hankali ga ƙoƙari, ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi. Goggo da kanta ta damƙa mini ita, ta ce, "Ga ƙanwarki nan, ku tafi tare ku dawo tare." Da aka zo shiga mota, wadda na shiga ta cika, ita kuma ta nufi bas ɗin da iyaye mata suka shiga. Ni ce, da bakin nan nawa, na ce mata, "Ke dalla can, me za ki yi a motar tsofaffi? Je ki shiga ta Jaki Can, can ake harka." Ta yi jim, ta kalle ni, ta je ta shiga.

Muna fita gari aka fara. Golf ɗin nan da wata Honda suka shiga tsere, wannan ya wuce motar amarya ta dama, wancan ya wuce ta hagu, hon kamar za su fasa kunne. Wata ƙawarmu ta fito da rabin jikinta ta taga tana kaɗa mayafi. Ni kuwa na zaro waya ina ɗauka, don in sa a gani cewa bikinmu ya fi na kowa. Ga hazo, ga ƙurar da motocin gaba suka tayar. Ashe wani bawan Allah ya taso daga gona da amalanken shanu cike da kara, babu fitila babu komai, ya hawo kwalta. Jaki Can bai gan shi ba sai da ya zo daf. Ya murɗa sitiyari, tayoyi suka faɗa yashin gefen hanya, motar ta yi sama ta wuntsila ta kife a cikin gona.

Allah cikin ikonSa ba a rasa rai ba. Amma ɗaya ta rasa haƙoranta na gaba, ɗaya gilashi ya yanke ta a kumatu, tabon yana nan har gobe, 'yar goggona kuwa ƙashin cinyarta ya karye. Amarya ta shiga gidanta babu guɗa, ta kwana tana kuka, buɗar kai ma ba a yi ba. Daga Daura aka wuce da yarinyar Katsina, aka yi mata aiki aka sa mata ƙarfe. Sai da aka sayar da tumakin Goggo duka da rabin geron da aka girbe. Shekarar karatu ta wuce ta, ƙawayenta suka rubuta jarrabawar fita tana kwance. Yau alhamdu lillahi tana tafiya, amma da ɗingishi, kuma in sanyi ya sauko irin na yanzu ba ta iya barci.

Har yau Goggo ba ta ce mini uffan ba a kan maganar. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da ya fi cin raina shi ne hoton da na ɗauka a waya. Da na kunna shi daga baya, muryar da ta fi ta kowa ƙarfi tana cewa, "Wuce su! Wuce su!" tawa ce.

Ni na zauna jinyarta. Wata rana Yayana, wanda tun yana ƙarami yake mayen fina-finan Canis, ya zo duba ta, ya same mu mun yi tagumi. Ya miƙo wayarsa ya ce, "Ga Jaki Can na gaskiya nan ku kalla. Amma sharaɗi ɗaya, in fim ya ƙare aka fara rubutu kada ku kashe."

Fim ɗin sunansa Police Story, ya fito a Hong Kong a shekarar 1985, kuma Jackie Chan shi ne jarumin, shi ne kuma daraktan. Ya fito a matsayin wani ɗan sanda da aka sa su kamo wani hamshaƙin mai fataucin ƙwaya. Tun a farkon fim ake ɗauke numfashi. An yi wa bos da yaransa ƙawanya a wata unguwar talakawa da aka gina da katako da langa-langa a jikin tudu, da suka ga babu mafita sai suka shiga mota suka gangaro ta tsakiyar gidajen, suna ratsa ɗaki su fito ta wani ɗaki, rufi na tashi sama, wuta na kamawa, ɗan sandan nan kuma ya biyo su da tasa motar ta cikin ɓaraguzan. Da suka sauko suka ƙwace wata doguwar bas mai hawa biyu. Sai ya bi ta da gudu, ya maƙala ƙugiyar lema a jikinta, bas tana gudu tana shan kwana yana reto a waje. Da aka yar da shi ya yanke ta wani gangare ya sha gabanta, ya tsaya a tsakiyar titi da bindiga, aka taka birki da ƙarfi, mutane suka faso gilashin sama suka faɗo ƙasa.

Ban ɓoye muku ba, har 'yar goggona da ke kwance sai da ta ce, "Kai!" To amma da fim ya ƙare aka fara jero sunaye, sai ga abin da Yaya yake so mu gani. Al'adar Jackie Chan ce a ƙarshen fina-finansa ya nuna inda aka yi kuskure wajen ɗauka. Sai ga jarumin nan da muka ga kamar ba ya jin ciwo an kewaye shi ana yi masa fifita, ga wani an ɗauke shi ranga-ranga, ga tsalle ɗaya ana ta maimaita shi. Dariyar da muke yi ta ɗauke.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin yadda ake shirya irin waɗannan fina-finai, kuma abin da na gano shi nake so ku riƙe. Shi Jackie Chan, wanda aka haifa a 1954, yana ɗan shekara 7 aka kai shi makarantar koyon wasan tsalle-tsalle da faɗa, ya yi shekara 10 ana horar da shi tun asuba har dare. Yana da ƙungiyarsa ta mutanen da ba su da wata sana'a sai faɗuwa da shan duka, sun san yadda ake faɗuwa ba a fasa kai ba. Duk da haka, mutanen nan da suka faɗo daga saman bas, an shirya ne su faɗa a kan wata mota da aka ajiye a gaba, sai bas ɗin ta tsaya kafin ta kai wurin, suka faɗi a kan kwalta, aka kwashe su zuwa asibiti. A ƙarshen fim ɗin kuma inda ya sulalo ta jikin wani dogon ƙarfe da aka kewaye da fitilu, tafin hannunsa ya ƙone, ya ji ciwo a baya, ƙugunsa ya goce. Wajen ɗaukar wani fim ɗin mai suna Armour of God ya faɗo daga kan bishiya ƙoƙon kansa ya fashe, sai da aka yi masa aiki. To wannan fa mai shekara 10 a makaranta ke nan. Namu Jaki Can ɗin a ina ya yi tasa makarantar? A bayan kasuwa, da motar yayansa, ranar da yayan ya yi tafiya.

Ba a Canis kaɗai ba. A Amurka akwai wani tsohon fim na 'yan sanda mai suna Bullitt, na shekarar 1968, wanda masana fim har gobe suke kafa misali da shi in ana maganar tseren mota. Steve McQueen ne jarumin, yana cikin koriyar Ford Mustang yana bin wata baƙar Dodge Charger a kan tuddan birnin San Francisco, motocin suna tashi sama suna dirowa. A ido tseren kamar minti 10 ne, amma makonni aka kwashe ana ɗaukarsa gutsure-gutsure, an rufe tituna, an kai motocin gareji an ƙara musu ƙarfi a ƙasa don su jure dirowa, kuma kowace mota guda biyu aka tanada. McQueen da kansa gwanin tseren mota ne, amma wuraren da suka fi haɗari ƙwararru aka sa suka tuƙa a madadinsa. Masu ido ma sun lura akwai wata koriyar Volkswagen, irin mai ƙirar kunkurun nan da iyayenmu suka sani, da ake ta wucewa ana sake wuce ta, saboda wuri ɗaya aka ɗauka da kyamarori da yawa aka harhaɗa. Shi ya sa lambar yabo ta Oscar da fim ɗin ya samu ba direba aka bai wa ba, wanda ya yanka ya haɗa hotunan aka bai wa. Kun ji fa, rabin gudun da muke gani almakashi ne ya yi shi.

Sauran dabarun ma ba ɓoyayyu ba ne. Ana sa kyamara ƙasa-ƙasa kusa da kwalta don gudu kaɗan ya zama kamar mai yawa. Motar da za ta kife ana gitta mata ƙarafa a ciki don kada rufi ya danne direba, a ɗaure shi tamau, a sa masa hular kwano, a rage man da ke cikin tanki. Motar asibiti da 'yan kwana-kwana suna tsaye a gefe. Mutanen da muke gani suna tsalle suna kauce wa mota duk ma'aikata ne, kowa ya san inda zai tsaya da lokacin da zai yi tsalle. A hanyar Zango zuwa Daura wa ya gaya wa mai amalanke lokacin da zai fito?

Sau ɗaya da wani darakta ya yi ganganci ma abin bai bar shi ya huta ba. A fim ɗin The French Connection na 1971, inda wani ɗan sanda yake bin jirgin ƙasa na sama da mota ta ƙarƙashin gadarsa a birnin New York, darakta William Friedkin ya sa wani gwanin direba mai suna Bill Hickman ya yi gudun fitar rai a kan titin da ba a rufe shi yadda ya kamata ba, jama'a suna harkarsu, shi kuma yana kujerar baya riƙe da kyamara. Fim ɗin ya ci Oscar har guda 5. Amma da girma ya zo masa, kafin rasuwarsa a 2023, Friedkin ya sha faɗa da bakinsa cewa abin da ya yi rashin hankali ne, ya saka rayukan mutane a haɗari, kuma ba zai sake ba. Mai lambar yabo ke nan yake nadama.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Paul Walker, kyakkyawan Baturen nan na fina-finan Fast & Furious da samarinmu suke so, wanda shi ma a matsayin ɗan sanda ya fara fitowa a cikinsu. Ya yi shekaru yana tsere a fim yana fita lafiya. A watan Nuwamba na 2013, a kan titin gaske a California, yana zaune a gefen abokinsa a cikin wata Porsche da ke gudun wuce sa'a, motar ta ƙwace ta daki ƙarfen fitila da bishiyoyi ta kama wuta, su biyun duk suka mutu. Yana da shekara 40, ya bar 'yarsa budurwa. A titin gaske babu daraktan da zai ce a tsaya a sake ɗauka.

Bari in kawo muku lissafin da 'yar goggona ta yi mini a bayan kwalin magani, tun da na ce muku gwana ce. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin wajen mita 33 a daƙiƙa ɗaya. Wato kafin direba ya ga abu, ƙwaƙwalwarsa ta gane, ƙafarsa ta kai kan birki, ya riga ya cinye wannan tazarar ko fiye, birkin bai ma fara aiki ba. Sa'an nan in aka ninka gudu sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya ba sau biyu take ninkuwa ba, sau huɗu ne. Ku ƙara da dare, ku ƙara da hazo, ku ƙara da yashin da ke kwance a gefen hanyoyinmu, da tsohuwar taya, da mutum bakwai a motar mutum biyar. Babu gwanintar da ke kayar da wannan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma a tsakanin masu shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya fi shi kisa. Masu shekara 5 zuwa 29 kuwa ai mu ne, da samarinmu, da ƙannenmu.

Na san wata za ta ce, "Anti, ai komai ƙaddara ne, in kwana bai ƙare ba ko mota ta kife sau goma za a fita." Gaskiya ne, rai a hannun Allah yake. Amma ke da kike faɗin haka, me ya sa kike kulle akwatinki in za ki makaranta? Me ya sa ba kya sa hannu a tafasasshen mai ki ce in Allah bai nufa ba ba zai ƙone ki ba? Rai amana ce, naki da na wanda ke tafiya a gefen hanya. Kuma ba mutuwa kaɗai ake tsoro ba, akwai kwanciyar wata uku a kan gado ana sa miki tasa.

Wata kuma za ta ce ai nuna bajinta a biki gadonmu ne. Haka ne. Duk wadda ta taɓa zuwa kallon hawan Salla ko Sallar Gani a Daura ta ga yadda mahaya suke sakin linzami su taho a sukwane, su zo su ja doki ya tsaya cak su yi jafi. Amma ku tuna yadda ake yi. Akwai filin da aka ware, akwai dogarai da suke korar jama'a gefe kafin a saki dawaki, mahayin kuma tun yana yaro yake kan sirdi. Kuma ban taɓa ganin wanda ya goyo 'yan mata biyar a bayan doki zai yi sukuwa ba. Kakanninmu sun san bajinta, sun kuma san wurinta. Mu ne muka ɗauko sukuwar muka bar filin da dogaran.

Yanzu ga inda zancen ya dawo kanmu, kuma kada ku ji haushi. Don wa samarin nan suke yi? Kun taɓa ganin Jaki Can yana juya mota shi kaɗai a bayan gari da tsakar rana babu mai kallo? Ba ya yi, man ma tsada gare shi. Don mu yake yi. Shewarmu ita ce fetur ɗinsa, wayar da muke ɗagawa ita ce kyamararsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988 aka kafa ta, amma ba za ta sa ma'aikaci a kowace rakiyar amarya da ake yi daga Zango zuwa Baure, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa ba. Birkin da ya fi kusa da yaron nan shi ne fuskar budurwar da yake so ya burge. Ranar da ya juya mota ya waiwayo ya ga mun tsuke fuska mun kau da kai, ranar zai daina.

Ni ma da alƙalamina na taimaka. Na rubuta saurayi mai tuƙi da hannu ɗaya, na sa budurwa tana jin daɗi tana lumshe ido, ban rubuta asibiti ba, ban rubuta tumakin Goggo ba. Na nuna fim ɗin na yanke ƙarshensa, alhali shi Jackie Chan bai yanke nasa ba. To ƙanwata ta Daura, amsarki ke nan. Saurayin sabon littafina zai ci gaba da ɗaura bel har shafin ƙarshe, in ya so a ce ba shi da aji.

Ga 'yan shawarwarina, waɗanda ni ma da su nake aiki yanzu. Ke amarya, ranarki ce, kuma kafin ranar ango babu abin da za ki roƙa ya ƙi. Tun ana shirin biki ki gaya masa da murmushi cewa duk abokin da zai yi wasa da mota ba kya son ganinsa a rakiyarki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki roƙi Baba ko Kawu a sa wani babban mutum a motar gaba, a ce babu mai wuce shi. Ke ƙawar amarya, ki dubi direba kafin ki dubi kyan mota. In kin ga idonsa ya yi ja ko yana wani rawar kai, nemi motar iyaye ki shiga, gara a yi miki dariya ki kwana a ɗakinku. In kin riga kin shiga ya fara, kada kunya ta kashe ki, ki ce, "Malam, don Allah tsaya in sauka." In ya ƙi ki ce amai kike ji, wallahi yadda suke son kujerun motarsu nan take zai tsaya. Ki ɗaura bel ko a baya kike in akwai shi. Kada ki ɗauki hoton mai ganganci, kada ki tura, kada ki yaba. Kuma kada ki taɓa tura ƙanwarki inda ke ba kya ciki.

Ke kuma mai saurayi, ga ma'auni kyauta. Namijin da zai ɗauke ki a mota ko a babur ya dinga gudu, kina cewa ya rage yana dariya yana ƙarawa, ba sonki yake nunawa ba, kansa yake nunawa. Yau tsoronki ne abin dariyarsa, gobe a gidansa kukanki ne zai zama. Wanda yake sonki da gaske in ya ɗauko ki, kamar ƙwai ɗin nan da kika raina zai ɗauke ki, don ya san in kin fashe ba shi da wata.

Kafin in rubuta wannan sai da na nemi izinin 'yar goggona. Ta ce in rubuta, amma in gaya muku ta koma makaranta, bana za ta rubuta jarrabawarta, kuma har yanzu ita ce ta ɗaya a lissafi. Ina roƙonku ku sa ta a addu'a. Shi kuwa Jaki Can, bayan an yi zaman sulhu iyayensa sun zo sun ba da haƙuri, ya sayar da abin da ya rage na motar. Kwanaki na hango shi a kan keke, ya sunkuyar da kai ya wuce. Ban ji daɗi ba, ban kuma zage shi a raina ba, don na san a daren nan ba shi kaɗai ne ya taka totur ba.

A nan zan dasa aya. Ina jiran saƙonninku, musamman ku amaren bana: wace ce a cikinku za ta iya kafa wa ango wannan sharaɗi, kuma me ya ce da kika faɗa masa? Za mu buga amsoshin a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya kai kowace amarya ɗakinta lafiya, Ya dawo da 'yan rakiya gida lafiya, amin.

Taku har kullum, Antinku ta Zango.